Na ɗauki alkawarin littafi 52, ina kan na 31, kuma na fara gudun manyan littattafai

Maikallonsama ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani abu da ya kwana biyu yana cin raina, na ga gara in kawo shi nan inda za a gane abin da nake nufi, don abokan aikina in na faɗa musu cewa suke yi dama wa ya aike ni.

A farkon Janairu na ɗaukar wa kaina alkawarin karanta littafi 52 a bana, ɗaya duk mako, kuma na ce yawancinsu za su kasance ƙagaggun labaran kimiyya, don su ne suka fi kama min zuciya tun ina sakandare. Bara na karanta 24 ba tare da na ɗora wa kaina komai ba, shi ya sa na ga in na ɗaure zan iya ninkawa. Yanzu muna mako na 41, ni kuwa ina kan littafi na 31. Manhajar da nake shigar da abin da na karanta, duk sanda na buɗe ta abin da take fara tarbata da shi shi ne an bar ni a baya da littafi goma. Saura mako 11, saura littafi 21.

Da lissafin ne kawai da da sauƙi.

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, kwana uku a mako ina kwanan aiki. Daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare, in ba a kawo jinin gaggawa ba, wurin yakan yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin firjin ajiye jini. A wannan tsakanin nake yin mafi yawan karatuna. A ƙarshen watan Yuni na samu Dune na Frank Herbert, wanda na yi shekaru ina jin labarinsa ban taɓa buɗe shi ba. Kwafin da ke hannuna ya haura shafi 600. Babin farko ya riƙe ni gam: yaro ɗan shekara 15 an sa shi ya zura hannu cikin wani akwati mai ƙuna, ga allura mai dafi an kanga masa a wuya, in ya zare hannun ya mutu. Daga nan sai tafiyar ta yi nauyi. Kusan kowane shafi sai na yi karo da baƙuwar kalma, in sa yatsa a inda nake, in juya can ƙarshen littafin inda aka jera ma'anoni, in dawo in tarar zaren zancen ya kuɓuce min, in sake komawa farkon sakin layi. Wani dare na duba na ga shafi 18 kacal na ci a cikin awa biyu. Na ɗauki biro na buga lissafi a bayan wata tsohuwar takarda, na ga a haka littafin nan zai cinye min wata biyu da 'yan kai. Nan take na rufe shi a shafi na 74, na ce sai na cike giɓi tukuna.

Tun daga ranar, in zan zaɓi littafi kaurinsa nake fara dubawa kafin in duba wanda ya rubuta. Duk wanda ya wuce shafi 200 sai in mayar da shi. Cikin 13 da na karanta daga Yuli zuwa yau, tara ba su kai shafi 160 ba.

Makon jiya ƙanwata ta zo, ta ɗauki ɗaya daga cikinsu a kan tebur ta ce, Yaya wannan kuma labarin me yake bayarwa? Wallahi a watan Agusta na gama littafin nan, har tauraro huɗu na ba shi a manhaja, amma da na buɗe baki babu abin da ya fito sai "a cikin wani kumbo abin ya faru". Ko sunan jarumar na kasa tunawa. Alhali The Time Machine na H. G. Wells da na karanta shekara 15 da suka wuce, har yau in na rufe ido ina ganin bakin tekun nan na ƙarshen zamani, rana ta kumbura ta yi jajir, ga wasu manya-manyan ƙaguwoyi suna rarrafe a kan yashi.

To ina neman shawara. In rage adadin ne, ko in ci gaba da gajeru har in cike, in bar Dune sai baɗi? Ku da kuka daɗe kuna sa wa kanku irin wannan buri, yaya kuke yi da manyan littattafai? Rage adadin yana min kama da saɓa alkawari, ni kuma ba na son in saba wa kaina da haka.

Injiniya_Awo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni a ganina mudun da kake awo da shi ne ya cuce ka. Kalmar "littafi ɗaya" ba ta da tsayayyen nauyi, kamar a ce ƙirga min dabbobi ne, a sa giwa ɗaya, ɓera ɗaya.

Su kansu masu ba da kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya, wadda aka fara bayarwa a 1953, da yawan kalmomi suke raba aji. Abin da bai kai kalma 7,500 ba gajeren labari ne, daga 17,500 zuwa 40,000 matsakaici, sai ya kai 40,000 ake kiransa cikakken littafi. The Time Machine ɗin da ka ambata ko 40,000 ɗin bai kai ba. Dune kuwa ya haura kalma 180,000. Wato in ka gama Dune ka yi aikin The Time Machine biyar, amma manhajarka ɗaya za ta rubuta maka.

Ga wani lissafin kuma. A 2019 wani masani a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam, Marc Brysbaert, ya tattara sakamakon bincike 190 kan saurin karatu, ya samu cewa baligi mai karanta Turanci a zuci yana cin kimanin kalma 260 a minti ɗaya in ƙagaggen labari ne. Da wannan saurin Dune aikin awa 12 ne. Mu da Turancin ba a nono muka tsotse shi ba, ba ma kai haka. Ni na gwada kaina da agogo sau uku, 170 nake yi in ban gaji ba. A 170 ɗin Dune zai ci kusan awa 18. Minti 40 a rana, ƙasa da wata guda ke nan. Ka ga ba dutsen da kake hange ba ne.

Shekara huɗu ke nan na daina ƙirga littattafai, minti nake ƙirgawa. Alkawarina minti 30 a rana, wanda ya kama awa 182 a shekara. Ina da kalanda a bango, duk ranar da na cika sai in ja layi. Bara littafi 14 na gama, uku daga ciki na Liu Cixin ne, marubucin nan na ƙasar Sin, kuma na ƙarshensu kauri gare shi ba na wasa ba. Da littafi nake ƙirgawa da ban kusance su ba. Ka sauya mudu, ka koma wa Dune yau ɗin nan.

Maman_Biyu ta rubuta:

Injiniya, lissafinka ya yi, amma bari in kare adadin nan kaɗan, don ni shi ya dawo da ni karatu.

Bayan na haifi 'yan biyuna na yi shekara shida cur ban gama littafi ko ɗaya ba. In fara, in kai shafi na 30, wani ya yi kuka, shi ke nan sai bayan wata uku in tsinci littafin a bayan kujera. Kullum cewa nake yi zan koma in na samu sarari, sararin kuwa bai taɓa zuwa ba. Ranar da na rubuta 12 a bangon farko na wani littafin rubutu, na ja layi goma sha biyu a ƙarƙashi babu komai a kansu, ranar abin ya sauya. Layukan nan da ba a cike ba su suka riƙa kirana. Agogo ba zai yi min aiki ba, don lokacina a gutsuttsure yake zuwa, minti biyar nan, minti bakwai can, ba wanda zai tsaya danna agogo yana riƙe da yaro. Amma in rubuta sunan littafi a kan layi in ce na gama, wannan daɗin ba ni da abin da zan musanya shi da shi.

Kai kuma ƙanena, akwai inda ban yarda da kai ba. Ka yi magana kamar karanta gajerun littattafai wata maguɗi ce. A wannan fannin kuwa gajeren labari shi ne tushe. A mujallu abin ya girma, tun daga Amazing Stories da Hugo Gernsback ya kafa a 1926, mutumin da kyautar Hugo ta ci sunansa. Foundation na Isaac Asimov da ake ta yabo, gajerun labarai ne da ya fara fitarwa a mujalla tun 1942, sai a 1951 aka haɗa su littafi. I, Robot ma labarai tara ne aka ɗinke wuri guda a 1950. Ted Chiang kuwa tarin gajerun labarai biyu ne sunansa ya tsaya a kansu, na 2002 da na 2019, kuma samun wanda ya fi shi a raye sai an tona.

Labarinsa Story of Your Life, na 1998, wanda aka mayar fim a 2016, a zama biyu na karanta shi. Wata masaniyar harsuna ce aka ɗauko ta koyi rubutun wasu baƙin halittu da suka zo daga wata duniya. Su a rubutunsu ba a farawa daga nan a ƙare a can, jimla gaba ɗaya ake sani kafin a ɗora alƙalami. Tana koyo, tunaninta yana sauyawa, har ta fara ganin rayuwar 'yarta gaba ɗaya, farko da ƙarshe, tun kafin a haife ta. Da na kai ƙarshe na tashi na shiga ɗakin yarana na tsaya a kansu suna barci, na daɗe ban fito ba. Shekara biyar ke nan, babu abin da na manta a ciki. Saboda haka ba gajarta ce ta sa ka manta littafin Agusta ba. Kana karanta shi ne idonka yana kan na gaba.

Abin da nake yi, ba na rubuta sunan littafi a kan layinsa sai na rubuta jimla biyu a ƙarƙashi: me marubucin ya sauya a duniyar da muka sani, kuma a kan wa sauyin ya faɗa. In na kasa amsa waɗannan, ban gama littafin ba ke nan, ko da na kai shafin ƙarshe. Ka gwada da goma sha ukun nan naka ka ga nawa za su tsallake.

Game da 52 kuwa, ya yi maka yawa, kai ma ka sani. Mai kwanan aiki uku a mako bai kamata ya yi gasa da wanda ba ya komai ba.

Ɗan_Aji_Uku ya rubuta:

Yaya, ni dai ina ganin kada ka rage. In ka rage bana, baɗi ma za ka rage. Littafi 21 a mako 11 abu ne mai yiwuwa in ka haɗa da sauraro. Ni bana ina kan na 64, kuma fiye da rabi a kunne na sha su, ina tafiya makaranta, ina wanki, ina jiran malami. Akwai LibriVox, kyauta ne, masu sa-kai ne suke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. A can na saurari Frankenstein na Mary Shelley na 1818 da The War of the Worlds da littattafan Jules Verne. Ina ninka saurin muryar sau biyu, littafin awa takwas ya koma awa huɗu.

Sai dai ni ma ina da tambaya ga manya. Wani abokina ya ce sauraro ba karatu ba ne, bai kamata in sa su a lissafi ba. Gaskiya ne?

Tsohon_Malami ya rubuta:

Sannunku da zance. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma zan ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da tsoho.

Shekarata 67, na yi 35 daga ciki ina koyar da fiziya a sakandare. Ban taɓa ƙirga littattafan da na karanta a shekara ba, ba kuma don ina ganin aibi ne ba, a zamaninmu dai abin bai zo mana a rai ba. Littafi ɗaya yakan zagaya hannun mutum shida kafin ya dawo wa mai shi, bango ya fita, an liƙe shi da gam.

Ɗana Maikallonsama, bari in ba ka labarin littafi ɗaya. Rendezvous with Rama na Arthur C. Clarke, na 1973. Ba shi da kauri, mai sauri zai gama shi a kwana biyu. Ni ya ɗauke ni mako uku a karon farko. A ƙarni na 22 wani abu ya shigo yankin ranarmu daga waje, aka zaci dutsen sararin samaniya ne, da aka matsa kusa sai ga shi kamar ganga, aka sa masa suna Rama, tsawonsa kusan kilomita 50, faɗinsa daga waje kilomita 20, cikinsa rami, yana juyawa sau ɗaya duk minti huɗu. 'Yan sama jannati suka shiga ta tsakiyar murfinsa inda ba nauyi ko kaɗan, suka fara sauka ta wata doguwar matattakala zuwa bangon ciki, suna sauka nauyinsu yana ƙaruwa. A can ƙasa ga fili shimfiɗe, ga teku ya zagaye gangar kamar ɗamara, in ka ɗaga kai ruwan yana rataye a samanka bai zubo ba.

Da na kai nan sai na ajiye littafin na ɗauko fensir. Na ce sai na gani ko mutumin nan gaskiya yake faɗa, ko dai ya rubuta lambobi ne don su yi daɗin ji. Hanyar ba ta da wuya, ɗan aji biyar zai iya. Ka raba 6.28 da yawan daƙiƙoƙin juyi ɗaya, abin da ka samu ka ninka shi da kansa, sannan ka ninka da nisan bangon ciki daga tsakiya, wanda a Rama mita 8,000 ne. Sai ka gwada amsar da 9.8, wato ƙarfin da ƙasa take jan mu da shi. Ba zan faɗa maka amsar ba, ka yi da kanka a daren aikinka. Abin da zan ce kawai, Clarke bai yi min ƙarya ba. Mutumin nan dama shi ne a 1945 ya rubuta maƙalar da ta nuna yadda taurarin ɗan'adam uku da aka ɗora a nisan kusan kilomita 36,000 za su iya isar da saƙon rediyo kusan ko'ina a duniya, shekara 12 kafin a harba tauraron ɗan'adam na farko. Bayan nan na yi shekaru ina ba ɗalibaina lissafin Rama a allo, kuma na ga yaran da ba sa ɗaga kai a darasin juyawa sun miƙe zaune. A manhajarka mako ukun nan da an rubuta min su a matsayin koma-baya.

Yanzu Dune. Nauyin da ka ji a farko kowa ya ji shi, ni ma na ji. Irin wannan labarin ba kamar labarin da ya faru a duniyar da ka sani ba ne, inda in an ce mota ko asibiti ka riga ka san su. Nan sai marubuci ya gina maka ƙasa da sama tukuna, da addininsu da siyasarsu da abin da suke tsoro, sannan labari ya samu wurin tafiya. Shafi ɗari na farko harsashi ne. Herbert ya fara tunanin littafin ne tun 1957, lokacin da ya je gabar tekun jihar Oregon ta Amurka don yin rubutu kan yadda ake shuka ciyawa a tsayar da tudun yashi masu tafiya suna binne hanyoyi. Littafin bai fito ba sai 1965, bayan kamfanonin ɗab'i sama da 20 sun ƙi shi, ƙarshe wani kamfani mai suna Chilton da aka fi sani da buga littattafan gyaran mota ya karɓa. Abin da mutum ya yi shekaru yana ginawa, don ka ba shi wata biyu ba ka yi asara ba.

Shawarata ta zahiri, ka daina juyawa ƙarshen littafin. Ka bar baƙuwar kalma ta wuce, bayan shafi uku za ta sake dawowa a wani wuri ta bayyana kanta. Da yawansu ma ba baƙi ba ne a kunnenka, daga Larabci ya ɗebo su. In ka ga Mahdi ko Lisan al-Gaib ko jihad, ai ka riga mai karatu na Ingila sanin inda aka dosa.

Akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar laburare a birnin Seattle na Amurka, Nancy Pearl, da ta shahara da wata ƙa'ida: ka ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka ajiye, in kuma ka haura shekara 50 ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ka ba shi. Ni ke nan 33 ne rabona. Ina bin ta a wasu littattafan, amma a wannan fannin ina ƙara yawa, saboda harsashin da na faɗa. Kuma kai ba ƙosawa ce ta sa ka rufe Dune ba, ka ce da bakinka babin farko ya riƙe ka. Takardar lissafin nan ce ta rufe shi.

Batun alkawari, na ji daɗi da kake ɗaukarsa da nauyi, halin kirki ne. Amma ka tambayi kanka, ranar ɗaya ga Janairu da kake rubuta 52, me kake nema? Ina zaton so kake ka ƙara samun irin bakin tekun nan da ya zauna maka a kai shekara 15. In haka ne, tun watan Yuli ka fara saɓa alkawarin, kuma rage lambar komawa gare shi ne.

Ɗan_Aji_Uku, jikana, kunne ya girmi kaka, ka gaya wa abokinka haka. Ni ma yanzu da idona ya yi rauni rabin karatuna sauraro ne. Ka sa su a lissafi. Ninka saurin ne kawai ban so ba. Ka gwada jarrabawar Maman_Biyu a kan Frankenstein: a ƙarshe wa ka fi jin tausayi, mai ƙirar ko abin da ya ƙera, kuma me ya sa? In amsar ta zo maka nan take, to ci gaba da saurinka.

Maman_Biyu ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, na ƙaru ƙwarai. Abu ɗaya kawai zan ƙara: ku kun taso lokacin da babu waya a aljihu tana jan mutum kowane minti. Mu in ba mu kafa wata lamba a gabanmu ba, shekara za ta ƙare muna ta shafa gilashi da yatsa. Ya rage, na yarda, amma kada ya goge lambar gaba ɗaya.

Maikallonsama ya rubuta:

Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Na yi shiru kwana tara ne don ina son in dawo da abin da na aikata a hannu.

Na fara da gwajin Anti Maman_Biyu. Na jera goma sha ukun a kan gado, na ɗauki takarda. Biyar na iya rubuta musu jimla biyun ba tare da na buɗe ba. Uku na tuna rabi-rabi. Biyar babu komai. Abin ya yi min ciwo, don cikin biyar ɗin da suka ɓace akwai wanda na san mai kyau ne, ni ne na bi ta kansa a guje. Na ware shi gefe zan sake karantawa a Disamba.

Lambar na mayar da ita 35. Ban goge ta ba, Anti. Hannuna ya daɗe a kan wayar kafin in danna, ba zan ɓoye muku ba. Injiniya, na kuma ɗauki minti 40 ɗinka na haɗa da ita, a ranakun da ba na kwanan aiki ma ina zama in yi su kafin in kwanta. Ƙanena Ɗan_Aji_Uku, na sauke The War of the Worlds zan saurara a hanyar aiki, amma a saurin da mai karatun ya karanta shi.

Dune kuwa na koma tun daga shafin farko, na sa roba na ɗaure shafukan ma'anonin nan na baya don kada hannuna ya kai can. Yanzu ina shafi na 212. Shekaranjiya da dare na kai wurin da shugaban mutanen hamada ya shigo zauren taro, ya tsaya gaban sabon mai mulkin duniyar tasu, ya tofa yawu a kan tebur. Mutanen mai mulkin suka zabura za su far masa, sai wanda ya zauna da mutanen hamadar ya tsayar da su, ya bayyana cewa a wurin da ruwa ya fi komai tsada, mutum ya ba ka danshin jikinsa babbar girmamawa ce. Na ajiye littafin a kan benci. A gabana akwai kwalaben gwaji jere a cikin mariƙinsu, kowace da mililita huɗu ko biyar na jinin wani, waɗanda in an gama aiki da su zubarwa muke yi. Shekara tara ina wannan aikin, na san fiye da rabin nauyin jikin baligi ruwa ne, na rubuta haka a jarrabawa, amma ban taɓa kallon kwalaben nan da irin idon da na kalle su a daren ba. Ƙarfe huɗu saura aka ƙwanƙwasa taga da samfurin gaggawa, na tashi, shafi 11 kawai na ci a daren.

Baba, na yi lissafin Rama a bayan takardar nan dai da na yi wancan lissafin a watan Yuni. Minti huɗu daƙiƙa 240 ne. Na samu 5.5, wato rabin nauyin mutum a ƙasa da ɗan ɗoriya. Ni mai kilo 78 zan ji kamar ina da 44. Daidai ne?

Tsohon_Malami ya rubuta:

Daidai ne, ɗana. Yanzu ka lissafa min nauyinka in ka sauko rabin hanya daga tsakiya, mita 4,000. Sannan ka yi tunani a kan wannan kafin ka samu littafin: in kana tsaye a wurin ka saki biro daga hannunka, a gindin ƙafarka zai faɗi ko a gefe? In ka gama Dune ka zo min da amsa.